Wa Ya Tsaya Maka a Sahu, Abu Rim?

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma, mai gaggawa da mai jan ƙafa. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, bayan sallar la'asar, Allah ya karɓi ran abokina Abdulmajid, wanda rabin Jidda ke kira Kabtin, mu kuma a unguwar Sa'alaba muke kira Abu Rim, wato Baban Rim. Ciwon ƙirji ne, bai daɗe a kwance ba. Ya bar matarsa Mastura da 'yarsa guda, Rim. Bai bar ɗa namiji ba, bai bar wa ko ƙane a ƙasar nan ba. Ku riƙe wannan, domin a kansa maganata za ta tsaya.

Abu Rim, na so in rubuta maka yabo zalla, irin wanda ake karantawa a share hawaye a tashi. Na zauna da alƙalami, abin ya ƙi. Kai ka san halina, ba na iya haɗiye magana, ko a kantina na kasuwar Bab Makka abin da ya kore mini rabin masu sayen yadi ke nan. Saboda haka ka yi haƙuri, yabonka zai zo haɗe da ɗaci.

Tare muka tashi. Iyayenmu sun zo aikin Hajji da ƙafa ta Sudan, suka ce sai baɗi za su koma, baɗin da har yau ba ta zo ba. Mahaifinka dako yake yi a tashar jiragen ruwa, mu kuma muna kai masa abinci. Ni ina ajiye kwano in nemi inuwa, kai kana ajiye kwano ka nemi teku. Babu wanda ya koya maka iyo. Masunta ka yi ta kallo har ka kwaikwaye su, ka sha ruwan gishiri, ka sha dukan mahaifiyarka, washegari ka koma. Kakata, mai yi mana tatsuniya a tsakar gida, ta ce wannan yaro 'yan ruwa sun riga sun yi masa rajista, a daina wahalar da bulala.

Daga nan ka zama mai gadin masu wanka a bakin teku. Daga can wata kwaleji a arewacin gari ta ɗauke ka, ka zama mai horar da ɗalibanta ninƙaya da tsalle daga kan katako, aikin da ka yi sama da shekara talatin. Lokacin da ka je, ƙungiyar kwalejin ita ce ta ƙarshe a kowace gasa, har ana cewa sun zo ne su jiƙa wando. Kafin ka bar ta, kabad ɗin kofuna ya cika an ƙara wani. Yaranka sun ci gasar kwalejoji ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wasu sun zama masu nutso a ma'aikatar tsaron teku, wasu sun zama masu horarwa kamarka, cikinsu har da Hatim, ɗan Balaraben nan da ya zo maka yana tsoron ko leƙa ruwa, wanda yau shi ke riƙe da usur ɗinka.

Sau ɗaya na je na ga aikinka, kuma ban manta ba. Na zaci zan tarar ana ta fafatawa da ruwa. Sai na tarar da samari ƙatta a kwance rigingine a kan ruwa kamar gumagumai, idanu a rufi, kai kana bin su ɗaya bayan ɗaya, tafin hannunka a ƙarƙashin ƙeyar kowa. Na ce, “Wannan barci ake biyanka ka koyar?” Ka ce, “Ya Abduljalil, ba na koya wa kowa gudu sai ya koyi kwanciya. Wanda ya firgita shi ke nutsewa.” Wata guda cur ba ka barin sabon ɗalibi ya kaɗa hannu. Hukumar kwalejin ta yi ta ƙorafi cewa kana ɓata lokaci, har kofunan suka fara shigowa, ƙorafin ya mutu da kansa.

Su ma ba su yi maka adalci ba. Duk shekarun nan mataimaki kake, domin kai mai iƙama ne, takardar zaman baƙi, ko da yake a garin nan aka binne cibiyarka. Shugaban sashen kullum wani ne, shi ke ɗaga kofi a hoto, kai kana gefe da tawul a kafaɗa. Ran da ka yi ritaya suka ba ka allon gilashi da kwalin dabino. Amma wannan ba shi ne ke cina ba. Su bare ne, kuma ko banza sun ba ka ruwan da ka yi aikinka a ciki. Namu ne ke cina.

A wurin jama'armu, kai ba ka taɓa yin sana'a ba. Wasa da ruwa kake yi. Namiji da furfura yana yini da gajeren wando a tsakanin samari tuɓaɓɓu, wai shi koci. Alhaji Zaharaddeen, wanda ke shugabantar dattawan unguwa, ya taɓa faɗa a ƙofar masallaci, ina tsaye, cewa dako ya fi wannan mutunci. Da ka fara koya wa Rim iyo, sannan ta girma ta zama mai koya wa 'yan mata a ɓangarensu, sai aka ce ai ga abin da rashin ɗa namiji ke jawowa. Ka ji duka. Sai dai ka yi murmushin nan naka mai ban haushi, ka ce, “Halas, shi ke nan, Allah ya shirye mu.”

Shekarar babbar ambaliyar Jidda, lokacin da alhazai ke Mina, ruwa ya kwashi motoci kamar gwangwanaye. Ka ɗaura igiya a ƙugu ka shiga, ka yi ta fito da mutane har tsokar hannunka ta yage. Ran nan babu wanda ya tambayi tsawon wandonka. Bayan ruwa ya janye ka je ka roƙi kwaleji ta ba ka wurin ninƙayarta kowace safiyar Juma'a, domin yaran unguwarmu su koya kyauta. Suka yarda. Ka riƙa zuwa da tsohuwar bas ɗinka kana tsayawa a bakin layi, kana danna ham, kana cewa, “Yalla, ya shabab!” wato samari mu tafi. Gidaje ƙalilan ne suka ba ka 'ya'yansu, yawanci zawarawa da waɗanda ba a jin maganarsu a taro. Manya suka ce safiyar Juma'a ta shirin masallaci ce. Yaran kuwa a kan titi suke buga ƙwallo har kiran salla na farko, kowa yana gani.

Kuma da wuya bazara ta wuce ba mu binne yaron da teku ya ci ba. A je shan iska ranar salla da yara shida, a dawo da biyar. Sai a ce ajali ne. Ajali ne mana, wa ya ce ba shi ba ne? Kai kuma ka zo ka yi wa yaron wanka, ka ɗauki makara, ba ka taɓa ce wa uban “da ka ba ni shi” ba.

Ga wanda bai san al'adar Jidda ba: in an yi rasuwa, kwana uku ake zaman makoki tsakanin magariba da isha. A jera kujeru a titi, a rataya fitilu, a zaga da gahawa da dabino. Mazan gidan mamaci su tsaya a sahu, masu gaisuwa su bi su ɗaya bayan ɗaya, a dafa kafaɗa a ce Allah ya girmama ladarku. Tsawon sahun shi ke nuna wa duniya ko mamaci yana da mutane. Mu Hausawa, da yake yawancinmu danginmu suna nesa, muna da namu ƙarin: in mutum ba shi da maza, dattawan unguwa su ke cika masa sahu, don kada a ce ya mutu ba kowa. Kai, Abu Rim, babu sahun da ba ka tsaya ba. Mai shara da ya mutu ba a san garinsu ba, ka tsaya masa. Tsohon da 'ya'yansa suka gudu, ka tsaya masa. Ka tsaya har gwiwoyinka suka fara ƙara.

Daren farko naka, ni kaɗai ne a sahu. Ni kaɗai, da sandata. Dattawa sun zo, ban ce ba su zo ba. Suka dafa kafaɗata, suka wuce kujerun baƙi suka zauna, suka sha gahawa, suna hirar tsadar haya. Na dubi Alhaji Zaharaddeen, na nuna masa wurin da ke gefena da haɓa. Ya ce, “Ƙafa, Malam Abduljalil, ƙafa ta matsa mini.” Ta bayan labule Mastura tana gani. Wannan kallon nata zan tafi da shi kabari.

Dare na biyu labari ya kai wa ɗalibanka. Ban san Jidda tana da motoci haka ba. Hatim ne ya fara isowa, ya sumbaci kaina, bai nufi kujera ba, ya tsaya a damana. Na ce, “Ya waladi, ɗana, nan wurin dangi ne.” Ya ce, “Na sani, ya ammi,” wato baffana. Sai ga su suna zuwa, likita, hafsan teku da kakinsa, mai kanti, malamin makaranta, Larabawa da 'yan Sudan da 'yan Yaman, da samarin unguwarmu na bas ɗin Juma'a waɗanda yanzu sun yi gemu. Kowa ya zo sai ya shiga sahu. Sahun ya kai ƙarshen layi ya lanƙwasa ta wajen mai burodi.

To, dare na uku sai ƙafar Alhaji Zaharaddeen ta warke. Ikon Allah. Tun kafin magariba ga shi da mutanensa, an sha babbar riga, an sha turare, suna neman gaban sahu, domin an ji manyan gari za su zo kuma za a ɗauki hoto. Har na ji wani yana cewa ai Kabtin namu ne, mu muka rene shi. Ina cikin tunanin kalmar da zan faɗa wadda ba za ta ɓata mini alwala ba, sai Rim ta kira ni daga bakin ƙofa. Hausarta ba ta da yawa, amma ran nan ta ishe ta.

Ta ce, “Baba Abduljalil, ka gaya musu. Wanda ya taɓa ba Baba yaronsa ranar Juma'a, ya tsaya. Wanda bai ba shi ba, ahlan wa sahlan, ga kujera, ga gahawa.”

Na ce, “'Yata, dattawa ne fa.”

Ta ce, “Shi ma dattijo ne.”

Na je na faɗa, kalma da kalma, ban ƙara gishiri ba, ko da yake na so. Babu wanda ya yi gardama, domin kowa ya san gidan da bas ɗin ta taɓa tsayawa. Suka koma kujeru ɗaya bayan ɗaya, rigunan suna jan ƙasa. Wani tsohon direba, wanda bai taɓa buɗe baki a taron unguwa ba, amma ya ba ka jikokinsa uku, shi ya tsaya a inda Alhaji ya so tsayawa. Manyan gari suka zo suka dafa kafaɗarsa.

Ban ji daɗi ba, kada wani ya zaci na ji. Da ka gani da ka ce a bar su su tsaya, na san ka. Abin da ya fi mini ciwo shi ne sai da ka mutu, sai da baƙi suka zo suka nuna mana kai, sannan muka gane wanda ya yi shekara saba'in yana zaune a layinmu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Mastura, wadda ta yi ta wanke tawul da jure baƙar magana ba ta taɓa kai ƙara ba. Ina miƙa ta ga Rim, Allah ya ƙarfafa hannunki a kan abin da ya bar miki. Ina miƙa ta ga Hatim da duk wanda Kabtin ya taɓa riƙe wa ƙeya a kan ruwa. Dattawanmu kuwa, ban san me zan ce muku ba, domin har yanzu ban ga alamar kun san kun yi rashi ba. Ran da kuka sani, ƙofata a buɗe take, zan yi muku gaisuwa.

Ya Allah, bawanKa Abdulmajid ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya duk ran da ya tsamo daga ruwa a ma'auninsa. Ka shayar da shi daga Alkausara. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Ka ba mu cikawa da imani, kuma kada Ka yi mana yadda muka yi masa. Amin.

Abduljalil Bello
Sa'alaba, Jidda