Ƙwallon Dabino a Tukunyar Yaya Rabi

Shekara tara ke nan da aka ɗauki Yaya Rabi daga gidanta na unguwar Waziriyya a Jidda zuwa makwancinta. Duk shekara idan watan rasuwarta ya kama, nakan yi mata addu'a, in yi sadakar abinci, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagara. Abin da na gani ranar Juma'ar da ta wuce ya hana ni zama wuri ɗaya, har abokan aikina a asibiti suna tambaya ko albishir aka yi mini.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, 'yan Zariya ne mu. Ita ta fara zuwa Jidda koyar da Turanci a wata kwalejin mata, ni kuma na biyo ta da aikin jinya. Abin da ta karanta a jami'a, wanda ya zame mata kamar jaraba, shi ne adabin Ingila na zamanin da, na shekaru ɗaruruwa, tun Turancin kansa bai zama wanda muke ji yau ba. Na sha yi mata tsiya cewa duk ilimin duniya ta rasa abin karantawa sai tatsuniyoyin matattun Turawa. Ita kuwa sai ta yi dariya ta ce matattun nan duk ta san gidajensu a Jidda.

Ga yadda takan bayyana mana. Marubutan wancan zamani sun kasa mutane gida uku: masu addu'a, masu yaƙi, da masu aikin ƙarfi da ke ciyar da sauran. Daga baya 'yan kasuwa suka yi kuɗi, aka rasa gidan da za a sa su. Kuma ba wanda marubutan suka raga wa. Akwai barde mai sulke da taƙama, akwai malamin coci da ke wa'azin azumi tumbinsa na gaba da shi, akwai attajiri mai yawan rantsuwa, akwai mai niƙa da ba ya mayar da gari daidai da hatsin da aka kawo, akwai uwargidan fada da ba ta taɓa ɗaga ko tsinke ba. Can a ƙarshe sai manomi, wanda kowa ke ci daga guminsa, shi kuma yake ci bayan kowa. Idan ta zo nan takan tsaya ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya, sai mun tsargu mun fashe da dariya.

Abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya shi ne mu ma matan Hausawan Jidda mun kasa kanmu. Akwai mu 'yan kwantiragi, likitoci da malamai da matan injiniyoyi. Akwai kuma haifaffun nan, waɗanda kakanninsu suka zo aikin hajji da ƙafa suka zauna, masu Larabci kamar ruwa, masu sana'o'i iri-iri daga lalle da ɗinki har aikin ofis. A gidan biki ba wanda ke raba mu, amma sai ka ga mun rabu da kanmu, mu a kan kujeru ta nan, su a kan darduma ta can, gaisuwa daga nesa kamar baƙin juna. Yaya ta ce ita ba ta bar Zariya ta ƙetare teku don ta zauna cikin littafin da take koyarwa ba.

Sai ta ƙirƙiro wasanta. Bayan ƙaramar Sallah takan kama hayar istiraha, irin gidan shaƙatawar nan mai tsakar gida, mata zalla. Tana da wata tsohuwar tukunyar ƙarfe, a ciki ta zuba ƙulle-ƙulle na ƙyallen atamfa iri ɗaya, girma ɗaya, yadda hannu ba zai gane abin da ke ciki ba. Mai ƙaramin cokali ita ce barde. Mai 'yar ƙararrawa malamin coci, mai tsohon kwabo attajiri, mai ƙwayar alkama mai niƙa. Wadda ta ɗauko zobe ita ce uwargida, ta hau kujera a yi mata fifita. Wadda ta ɗauko ƙwallon dabino ita ce manomi: ita za ta zuba wa kowa ruwan wanke hannu, ta raba abinci, ta ci a ƙarshe. Sauran ƙullin wofi ne, masu su 'yan kallo. Doka ɗaya ce tak, kuma Yaya ba ta wasa da ita: tukunya ce ke rabo, ba a musaya, ba a roƙo.

Wayyo daɗi! Shekarar farko ni na zama barde. Murfin tukunya ne garkuwata, muciya takobina, sandar goge ɗaki dokina, ina sukuwa ina kirari har zanina ya nemi ya ba ni kunya. Zoben kuwa ya faɗa hannun Ummu Faisal, wata dattijuwa haifaffiyar Jidda da ke zaune a unguwar Sa'alaba a lokacin, wadda ta yi suna wajen dafa abincin biki, kuma duk matan unguwarsu ba sa ƙetare maganarta. Ta hakimce a kujera tana ba da umarni rabi Hausa rabi Larabci, matar wani babban injiniya na durƙushe tana zuba mata ruwa. Daga wannan ranar aka fara musayar lambar waya, aka fara zuwa sunan juna da ta'aziyyar juna. Da Yaya ta kwanta ciwon ajali, Ummu Faisal ce ke kawo mata kunu asibiti.

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Shekarar da ta biyo bayan rasuwar na tafi Zariya na daɗe wajen mahaifiyarmu, sai Dakta Bilkisu ta karɓi ragamar wasan. Likitar mata ce, mutuniyar kirki, mai son tsari kamar ranta. Ta ga ƙuri'a na cin lokaci, kuma wani lokaci rawar kan faɗa hannun wadda ba ta iya ba. Don haka ta ajiye tukunya, ta raba rawar da kanta, kowa da abin da ya dace da ita. Uwargida ta ba wata malamar jami'a saboda ta iya yanga. Manomi ta ba Ummu Faisal, tana cewa ai ta saba da hidimar abinci. An ce mini dattijuwar ba ta ɗaga murya ba. Abayarta ta ɗauka ta ce, "Halas," wato shi ke nan, ta fice, matan unguwarsu suka bi bayanta. Garin neman gira aka rasa ido. Da na dawo na yi ta zarya tsakani, kowa na ba ni uzuri mai daɗi, har na gaji na bari.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da Jiddar yau. Da ta ga 'yarta Nuha, wadda ta bari tana 'yar sakandare, yau ita ke tuƙa ni zuwa aiki a motarta, na san sai ta yi guɗa a tsakiyar titi. Da ta ga masu kai saƙon abinci a kan babur da 'yan matan da ke tallar turare ta waya, da tuni ta ƙara ƙulli biyu a tukunya, tana gardamar gidan da za a sa su. Abin da zai sa ta kuka shi ne tsofaffin unguwannin da aka rushe, maƙwabtan shekara da shekaru suka watsu, kowa ya kama gabansa. Kuma da ta leƙa gidan biki ta gan mu a kujeru, su a darduma, ban san inda zan sa fuskata ba.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Nuha a nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma idan za ta yi sai Larabci ya riga ta fita. Kafin azumin bana ta shigo ɗakina rungume da tukunyar, ta kira ni inna da Larabci, ta ce, "Khalti, yalla, bana za mu yi wasan Mama." Na ce mata wasan ba ya yiwuwa sai da Ummu Faisal, kuma ba wanda ya san inda ta koma. Yarinyar nan ta yi ta cigiya daga mai lalle zuwa mai ɗinki har ta gano ta a gidan ɗanta, ashe a bayan Waziriyya, kusa da mu. Zumunta a ƙafa take, muka je tare. Dattijuwar ta rungume Nuha ta yi kuka, ta cika mu da shayi, ta saurare mu har ƙarshe. Tambaya ɗaya ta yi, ko tukunyar tana nan. Muka ce tana nan. Ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar istiraha ta cika rabi, duk 'yan kwantiragi. Dakta Bilkisu ta zo da wuri ta zauna a lungu. Nuha sai kai da kawo take tsakanin ƙofa da tukunya, ni kuwa idona na kan hanya, domin na san idan ba su zo ba, yarinyar nan za ta mayar da tukunyar uwarta kabad, ba kuma za ta sake fito da ita ba. Muna cikin haka muka ji guɗa daga waje. Motoci ne a jere, mata na fitowa da kuloli da jikoki, Ummu Faisal a gaba tana dogara sanda. Ni da nake da ciwon gwiwa ban san lokacin da na yi tsalle ba!

Nuha ta zagaya da tukunya, kowa ta sa hannu. Aka fara kwance ƙulli ana shewa. Can sai shewar ta mutu. Zobe ne a tafin Dakta Bilkisu. A tafin Ummu Faisal kuwa ƙwallon dabino. Ƙwallon nan da ya watsa mu shekarun baya, shi tukunya ta sake ba ta. Na ce a raina shi ke nan, mun kaɗe.

Dakta ta miƙe, ta je ta durƙusa gaban dattijuwar ta miƙa mata zoben. "Hajiya, don Allah mu yi musaya. Ni ya kamata in zuba miki ruwa."

Ummu Faisal ta dunƙule hannunta a kan ƙwallon. "La, ya Duktura. Wancan karon ke kika ba ni. Wannan tukunyar Rabi ce ta ba ni, kuma ba a musaya. Yalla, hau kujera, ki yi yanga da kyau, kar ki ba mu kunya."

Wuri ya kaure. Dakta ta hau kujera tana kuka tana dariya, ana yi mata fifita da murfin kula. Dattijuwar ta ajiye sanda ta ɗauki buta, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, tana yi wa kowa tsiyar yadda take wanke hannu. Barde bana wata jikarta ce da Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, amma ta yi sukuwar da ta shafe tawa.

Littattafan Yaya suna nan a kabad, Turancinsu ya fi ƙarfina, ban taɓa wuce shafi biyu ba. Ɗalibanta sun watsu a duniya, gidan da ta zauna wasu ne a ciki. Abin da ya rage nata da zan iya nunawa da yatsa shi ne tukunyar nan da dokarta guda. Da aka gama rabon abinci, Ummu Faisal ta zauna a darduma don ta ci nata a ƙarshe kamar yadda aka saba, sai na ga Dakta ta sauko daga kujera da farantinta ba ta taɓa ba, ta zauna kusa da ita. Dokar Yaya ba ta hana jira ba. Allah ya jiƙan Yaya Rabi, ya haskaka kabarinta, ya sa ta ji labarin wannan Juma'a.