Idon Gwaggo Habi da Haƙorin Sama

Waca

Ladan bai rufe baki daga kiran assalatu ba muka fito, ni da Gwaggo Habi, ƙanwar mahaifina. Ni na ɗauki ƙunshin kayanta, ita ta tallabe kuncinta. Tun farkon damina haƙorinta na sama yake cin ta. Babu abin da ba a cusa a kogon nan ba: kanumfari, jar kanwa, garin taba. Har mai turaren tsutsa ya zo ranar kasuwa ya banka mata hayaƙi, ya nuna mata wasu 'yan farare a ƙwarya ya ce ga masu laifin nan. Ya kama gabansa, ciwo ya zauna daram.

Wanzami ya ce a kawo ya fizge, ta kore shi. A wajenmu kowa ya tashi da jin cewa haƙorin sama da ido jijiyarsu ɗaya, wanda ya cire shi ya cire ganinsa. Gwaggo kuwa da idonta take ci, don hula take ɗinkawa, kuma duk angon da ya isa a unguwarmu hularta ce a kansa. Na yi mata bayani irin namu na malaman lakwal, wato makarantar boko, har yawuna ya ƙafe, ta ce, "Babana, ka bar wa yaranka wannan karatu." Babana take ce mini, saboda sunan mahaifinta na ci.

Abin da ya karya ta sujada ce. Da ta kai goshi ƙasa sai ta ji kamar ana sussuka a cikin kanta, dole ta koma salla a zaune. Ranar nan ta aika aka kira ni. "Makaho yana sujada," in ji ta. "Kai ni su cire." Jajibirin tafiya ta rarraba wa maƙwabta zarenta da allurai, ta nemi gafarar kowa.

A tasha ta ce ita gefen taga take so. Direba ya ce, "Inna, iska zai bugi haƙorin nan fa."

"Bar ni da iskan, ɗan nan. Kallo na fito yi."

Hanyar nan na bi ta har na gaji, ban taɓa ganinta ba sai ranar. Gari na wayewa Gwaggo ta liƙe da taga tana kiran abubuwa da sunayensu, kamar mai sallama da dangi. Ga fadamar rake kore shar, raɓa na ƙyalli a ganye. Ga giginyu. Ga balbelu sun yi fari a kan gawo. Ga dammunan hatsi an jera a gona, mata na tafe da tulu a gefensu. "Dubi jan nan na sama, Babana. Shekara nawa ina neman zare irinsa ban samu ba." Na duba. Wallahi tsigar jikina ta tashi, kuma duk motar aka shiga kallo tare da ita.

Dungas

Da hantsi muka sauka, ɗan kabu-kabu ya kai mu gidan likita, yana kaucewa ramuka saboda ita. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya haska bakin da tocila, ya danna kumburin da ya haura har ƙarƙashin ido, ya girgiza kai. Ya ce su nan sai dai su kwantar da kumburi da raɗaɗi, aikin haƙori sai Magariya. Ya ba ta ƙwayoyi, ya ce ta sha na 'yan kwanaki kafin a taɓa wurin.

Muka sauka gidan wani abokin karatuna. Matarsa ta dama mata kunu mai ruwa-ruwa, mu kuma muka nannaɗe hannun riga a kan tuwon hatsi da miyar kuka. Ranar kasuwa na zaci Gwaggo za ta kwanta, ashe ita ce za ta ja ni. Rumfa-rumfa muka bi. Ba ta sayi ko tsinke ba. A wajen masu atamfa ta daɗe har mai rumfar ya ce, "Hajiya, wacce za a yanko?" Ta ce, "Duk na ɗauka, suna nan cikin kaina."

Magariya

Bayan 'yan kwanakin muka hau motar Magariya, ta fi ta Waca cika, har da akuya a bayanmu. Dab da gari jandarma ya tsayar da mu yana duba takardu. Da ya ga fuskar Gwaggo sai ya ce, "Sannu Inna, Allah ya sawwaƙe," ya ɗaga wa direba hannu.

Likitar haƙorin mace ce, ba ta fi sa'ar ƙanwata ba. Gwaggo ta raɗa mini, "Wannan 'yar ce za ta yi?" Aka kwantar da ita a wata kujera mai tashi da kanta, aka ɗauki hoton cikin bakin. Da likitar ta ɗaga hoton a gaban fitila, ni kaina sai da na yi tasbihi. Ga haƙora a jere, kowanne da saiwarsa a cikin ƙashi kamar rogo a ƙasa. Shekarun nan duka muna tauna da su, ba mu san rabin halittarsu a ɓoye take ba.

"Inna, hanya uku ce," in ji likitar. "In kogon bai yi zurfi ba, a kankare ruɓar a cike shi, kamar wannan na kusa da shi, shi zan cike miki. In ya kai jijiya amma gindin na da ƙarfi, a kashe jijiyar a wanke a toshe, haƙori ya zauna, sai dai wannan aiki zuwa ne da komowa. Naki kuwa dubi, ya tsage har saiwa. Cirewa ce kawai."

"Idon fa, 'yar nan?"

Likitar ba ta yi dariya ba, kuma na ji daɗin haka. Ta nuna mata inda saiwar ta tsaya. "Cirewa ba ta taɓa ido, Inna. Barinsa ne abin tsoro, don mugunyar nan sama take hawa."

Gwaggo ta ƙura wa hoton ido, ta juyo ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta daɗe. Sannan ta kwance kallabinta ta ɗaure idanunta tam, ta ce bismillah.

Aka yi allura wurin ya mutu, aka cike na cikewa, aka cire na cirewa. Likitar ta sa mata auduga, ta ce kada ta kurkure baki yau da gobe, kada ta sha mai zafi, ta kuma bar garin taba. Sai ta ce, "To Inna, buɗe ki gani."

Ta cikin auduga Gwaggo ta ce, "In duhu ne, a ɗakina zan gan shi."

Komawa gida

Washegari haka na riƙo hannunta zuwa tasha. Mutane na ta ba mu hanya, wata mata har ta miƙo mata sadakar ƙosai. Na roƙe ta, na tsokane ta, na ce mun zo fadamar raken nan nata, ta ce in yi mata shiru. Na san abin da likita ta faɗa gaskiya ne, amma da muka doshi Waca sai na ji gabana yana faɗuwa.

Bayan la'asar muka shiga gida, maƙwabta suka cika tsakar gida. Ta zauna a ƙofar ɗakinta, ta laluba gefen mayafinta, ta zaro allura ɗaya da ta ɓoye ba ta ba kowa ba, da ɗan guntun zare. Ta kwance kallabin. Ta ƙifta ido, ta lashi bakin zaren, ta ɗaga allurar sama. Na farko ya kauce. Na biyu ya shige.

Ta yi alwala, ta tsallake kurkurar baki da aka hana ta, ta shimfiɗa buzu, ta kai goshinta ƙasa ta daɗe ba ta ɗago ba. Ni dai na juya baya ina share ido.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sannan ga majon Dungas, da masu masaukinmu, da likitar nan mai haƙuri. Ina cikin jera wa maƙwabta wannan godiya Gwaggo ta sallame, ta ƙare wa kaina kallo.

"Babana, wa ya ɗinka maka wannan hular? Cire ta ka miƙo, kada a ce daga gidan nan ka fito. Ku kuma ku maido mini zarena."