Bakaniken Kan Tudu Ya Ajiye Sifana

Gari yana wayewa zai fito da tsintsiya ya share gindin rumfarsa tas, kamar mai jiran surukai. Sannan ya leƙa gangunan ruwan da ke jere a bakin titi, ya cika wadda ta yi ƙasa, ya shimfiɗa buhu ya jera sifanu da filaya. Daga nan sai ya hau benci, ya fuskanci gangare, ya kasa kunne. Rumfar tasa tana ƙarshen wata doguwar hawa ce, nesa da garin gaba, nesa da na baya, inda duk motar da ke ɓoye ciwo take tona wa mai ita asiri. Tun mota tana can ƙasa tana nishi zai ce wa mai shayin da ke gefensa, "Ɗora ruwa, wannan baƙuwarmu ce."

Direbobi suna ce masa Baba Bari-ta-huce, don maganar da ta fi yawa a bakinsa ke nan. Duk wanda motarsa ta tafasa, abin da zuciya take fara raya masa shi ne ya ɗaga bonet ya murɗe murfin lagireto. Baba kuwa ya san abin da tafasasshen ruwa yake yi wa fuskar mutum, saboda haka ba ya lallashi a wannan gaɓar. Tsawa yake dakawa tun daga kan benci, gaisuwa ta biyo baya.

A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Gwiwa ta ƙi, hannu ya fara rawa, 'ya'yansa sun haɗa baki sun ce ya isa haka. Da na ji labari sai na ga bai kamata mutum irin wannan ya naɗe buhunsa shiru ba, kamar bai taɓa zama a wurin ba.

Wani direban tirela ya ba ni labarin ranar da birkinsa ya fara wari a saman tudun, shi kuma yana sauri. Baba ya tsaya a gaban motar ƙiƙam, ya ce sai dai a bi ta kansa, amma wannan kaya ba zai sauka gangare da birki mai hayaƙi ba. Direban ya ce ranar ya zage shi son ransa, yanzu kuwa ba ya wucewa sai ya tsaya ya gaishe shi. Wasu mata 'yan kasuwa kuma sun ce da tayar motarsu ta fashe a kwana, kafin ya taɓa jak sai da ya kwashe su daga bakin titi ya zaunar da su a inuwa, ya jera rassan ganye a kan kwalta don masu tahowa su rage gudu. Haka yake aiki, mutane tukuna, sannan ƙarfe.

Ni ma ina da nawa labarin, kuma da idona na gani.

Yayata tana da 'yar auta da aka haifa da yanar ido. Yarinyar ba ta ganin komai sai haske da duhu, da murya take gane kowa. Bayan doguwar jira aka ce likitan ido zai zo babban asibiti, zai duba yara a yini ɗaya, waɗanda ya gani ranar su za a yi wa aiki, sauran sai wata shekara idan Allah ya kai mu. Muka kama hanya da sassafe: ni, Yaya, Auta, da mijin Yaya, wani tela mai gajen haƙuri wanda ko zare ya sarƙe masa sai unguwa ta ji. Motar tasa ma ta aro ce, kuma ta girme shi a wahala.

Muna tsakiyar hawan nan allurar zafi ta haye, tururi ya turnuƙe gaban mota. Da ƙyar muka kai saman tudu injin ya mutu. Tela ya yi tsalle ya fita, ya ɗaga bonet, ya kai hannu.

"Kai! Bari ta huce!"

Auta ta zabura ta ƙanƙame uwarta. Tela ya juyo rai a ɓace. "Baba, ba ni da lokacin hucewa. Asibiti za mu, idan likita ya tashi shi ke nan."

"To idan ka soye fuskarka, wa zai tuƙa su? Ni?" in ji Baba. "Zauna, ɗana. 'Yata, shigo da jikata inuwa."

Tela bai zauna ba, ya yi ta safa da marwa yana duba rana. Baba kuwa ya durƙusa gaban Auta yana tambayarta ko ita ce ta lalata mota, har ta yi dariya. Sai da injin ya huce sannan ya miƙe ya sa tsumma ya buɗe murfin a hankali, ya zuba ruwa, ruwan ya zubo ƙasa shaa. Babban tiyon lagireto ne ya tsage tun daga wuya.

"A ɗaure shi da roba mana," in ji Tela.

"Roba za ta kai ku ƙasan gangare, ba za ta kai ku asibiti ba."

"To sabo fa?"

"Sai gari. Kafin a je a dawo likitanku ya sha ruwa ya tafi."

Yaya kuwa, hawaye kawai na ga yana bin kuncinta, tana share shi da sauri duk da yarinyar ba za ta gani ba. Ban taɓa jin tausayin 'yar'uwata kamar ranar ba.

Baba ya dube ta, ya dubi yarinyar, ya ɗauki sukudireba ya zaga bayan rumfa. Akwai wata tsohuwar akori-kura a wurin, ita yake ɗebo ruwa da ita daga rafin da ke can ƙasa. Muna kallo ya kwance tiyon motarsa, ya zo ya gwada, ya rage tsawonsa da wuƙa, ya ɗaure tam. Mai shayi ya ce, "Baba, kai kuma da me za ka ɗebo ruwa?" Ya ce masa, "Kai dai ji da butarka." Ya cika lagireto, ya cika mana jarka, ya sa Tela ya tayar da mota ya saurara. Sannan ya buga bonet ya ce, "Ku tafi. Kada ka matsa mata a hawa, idan allura ta motsa ka tsaya."

Mun isa ana shirin rufe layi. Auta ce ta kusa ƙarshe da likita ya gani.

Mun daɗe a asibiti kafin a cire mata bandeji a sallame mu. A hanyar dawowa, sabon tiyo yana kan cinyata, yarinyar ta manne fuska a gilashi tana tambayar sunan duk abin da ta gani. Muna fara hawan tudun muka hango wani tsoho yana turo baro cike da jarkoki, rigarsa sharkaf da gumi, yana tafiya yana hutawa. Ashe Baba ne. Tun ranar da muka wuce haka yake hawa da ruwa, don kada mota ta iso ta tarar da ganga a bushe. Tela ya taka birki, ya fita ba ko sallama ya ƙwace baron. Mutumin da ban taɓa ganin ya ɗauki abin da ya fi almakashi nauyi ba, ranar shi ya tura ruwa har rumfa.

Baba ya leƙo ta taga yana haki. "Ina jikata mai lalata mota?"

Auta ta ƙura masa ido, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Ashe kai ne mai tsawa? Na ɗauka ƙato ne. Ashe ɗan ƙarami ne kai."

Ya yi dariya har sai da ya dafa mota, ya juya yana goge ido da gefen riga, wai gumi ne. Yau Auta tana makaranta, tana zama a layin baya ta karanta allo, kuma ita take zura wa babanta zare a allura idan nasa idon ya gaji.

Baba, kai ne inuwar kan tudu. Kai ne wanda ya ga baƙi da bai san daga ina suke ba, ya kashe motarsa don tasu ta tashi. Ba ka taɓa riƙe wuƙar likita ba, amma da hannunka a idon yarinyar nan, kuma duk gidanmu mun san haka. Mun gode. Allah ya hutar da gwiwoyinka, ya sa 'ya'yanka su riƙe ka kamar yadda ka riƙe 'ya'yan mutane.

Ku kuma masu bin hanya, ba kowa ne zai iya kwance tiyo ba, amma kowa yana iya taka birki. Idan kun ga mota a gefen titi bonet a ɗage, mutane sun yi cirko-cirko a rana, ku rage gudu ku sauke gilashi ku tambaya ko lafiya. Ba ku san wa ke zaune a kujerar baya ba, ba ku san kuma abin da zai wuce shi idan ya makara ba.