Kekunan Ɗinkin Mai Takaba

Har yau, duk da na yi ritaya, ban taɓa mantawa da ranar da aka tura ni unguwar Jakara ba, a shekarar da soja suka koma bariki. Ina ƙaramin ma'aikaci a babbar kotu, aikina ƙirga kayan da za a yi gwanjonsu.

Ga wanda bai sani ba, idan bashi ya fi ƙarfin mutum har kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye, dukiyarsa ta fita daga hannunsa ke nan. Za a sayar a raba wa masu binsa, a bar masa sutura da shimfiɗa da 'yan kayan sana'a. Ba ya tsayawa takara, ba ya shugabantar kamfani, ko bashi zai ci sai ya faɗi halin da yake ciki.

Wanda abin ya faɗa wa a ranar shi ne Alhaji Sule, wani dillalin fata. Bai yi mana gardama ba, da hannunsa ya buɗe mana sito. Sai da na kai kan wasu kekunan ɗinki biyu ya riƙe mini hannu.

"Yaro, waɗannan ba nawa ba ne. Na marigayi Malam Habu tela ne, ya ba ni ajiya da shagonsa ya fara yoyo. Marayu huɗu ya bari."

Na ce, "Baba, akwai takarda?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Takarda? Tsakanina da Habu?"

Ƙa'ida ita ce, duk abin da aka tarar a siton sai an rubuta shi. Mai cewa nasa ne ya zo kotu ya yi rantsuwa kafin ranar gwanjo. Na rubuta, na nufi gidan marigayin. Matarsa, Malama Binta, ta yi mini magana ta bayan labule. Kwananta arba'in da 'yan kai da shiga takaba. Ta ce a shirye take ta je kotu ta rantse, amma wan mijinta da ke zaure ya daka tsalle.

"Mai takaba a kotu? A garin nan? Sai dai kekunan su tafi!"

Na ce to shi ya zo ya rantse. Ya ce shi bai taɓa dafa Alƙur'ani a kan abin duniya ba, ba kuma zai fara ba.

Na koma wajen rajistara na roƙe shi a tura mai karɓar rantsuwa har gida, ko a ɗaga gwanjon. Ko kai bai ɗago ba. Ya ce, "Malam Garba, mulkin doka ya dawo. Masu bin bashi sun gaji da jira."

Aka yi gwanjo saura wata biyu Malama Binta ta fita takaba. Ni na ɗaga kekunan, ni na kira farashi. Wanda ya saye su a wulaƙance maƙwabcin marigayin ne, kuma ya san na waye.

Abin ya ƙona mini rai, har yanzu bai huce ba. Ku da kuka shigo aikin nan, ku sani karayar mutum ɗaya a cikin birni ba ta tsayawa a kansa, domin rabin abin da ke sitonsa amanar mutane ce, kuma amana ba ta da rasit. Alhaji Sule ya haƙura da gidansa da motarsa. Amma har ya rasu, bai sake bi ta layin su Malama Binta ba, sai dai ya zagaya.