Dalma a Cikin Kwamfuta

Haruna, ɗan wan ubana, shi ya koya mini cuta da hannunsa, kuma shi ya tsaya gaban alƙali ya rantse bai san komai ba. Ni na shiga gidan yari, shi ya kwashe kayan aikina da masu kawo mini aiki, ya ƙara wa shagonsa faɗi. Abin da aka yi mini ke nan. Abin da ni na yi wa wasu kuma zan faɗe shi, don ban ɗauki biro don in wanke kaina ba. Da ku samari nake, musamman masu taɓa waya da kwamfuta.

Ni ɗan Yelwa ne, ta ƙasar Yauri. Ubana masunci ne, ya rasu ina ƙaramar sakandare, a nan karatun ya tsaya. Na bi jirgin kamun kifi, na yi kabu-kabu, duk ban ga hanya ba. Ana haka Haruna ya dawo daga Legas da sana'ar kwamfuta, ya buɗe shago kusa da kasuwa. Inna ta kai ni da kanta ta ce, "Ga ƙanenka, ka riƙa shi." Ya ce ba komai.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ya iya aiki kuma ya koya mini. Kwamfutar tebur haɗa ta ake yi gunduwa-gunduwa. Akwai kes, wato gidanta. Akwai bod, babban allon da komai ke zama a kansa. Akwai furosesa mai yin lissafi, da ram, da had-dis inda ake ajiya, da fanka. Sai akwatin wuta, wanda ke karɓar lantarki daga bango ya raba wa sauran. Idan mutum ya zo, sai ka tambaye shi me zai yi da ita. Mai buga takardu ba ya buƙatar irin ta mai haɗa bidiyon biki. Ba kowane furosesa ke zama a kowane bod ba, sai ka duba mazauninsa. Kafin ka taɓa allo sai ka dafa ƙarfe, kada lantarkin jikinka ya lalata shi. Kuma saboda zafin Yauri, ni kullum ina ƙara fanka. Ranar da na fara haɗa ɗaya ni kaɗai, na danna ta kama, na ji kamar ni ma na zama mutum.

Cutar da ƙanƙanin abu ta fara. Ram na hannu, sai mu goge bakinsa da magogin fensir ya yi ƙyalli, mu sa a ledar sabo. Na ce, "Yaya, wannan fa?" Ya ce, "Yana aiki ko ba ya yi?" Na ce yana yi. Ya ce, "To mi ne ne laifinka?" Daga nan sai had-dis. Mutum ya kawo gyara, mu cire nasa mai lafiya mu sa masa gajiyayye. Ba wanda ya dawo da ƙorafi, ni kuwa na fara sa shadda, na yi aure, har aka samu yara.

Sai maganar akwatin wuta. Mutane sun ji cewa mai kyau nauyi gare shi, kuma gaskiya ne, don kayan cikinsa sun fi yawa. Na jabu kamar gwangwanin madara yake. Saboda haka duk mai saye sai ya ɗaga ya auna a tafin hannu. Wata rana Haruna ya aike ni layin masu kayan kamun kifi, in sayo dalma, irin wadda ake ɗaure wa bakin birgi, ragar kifi, don ya nutse. Ya kwance na jabu, ya daddaƙe dalmar da guduma, ya manna ta a ciki da gam, ya rufe, ya liƙa takardar babban kamfani. Ya miƙo mini. Wallahi nauyinsu ɗaya da na gaske. Ya yi dariya ya ce, "Mutanenmu da hannu suke saye, ƙane. Ba su abin da hannunsu ke so."

Daga baya ya ce shago akwai idon mutane, in koma gida da wannan aikin. Shi zai riƙa kawo kaya da kwalaye, ni in haɗa a zaurenmu. Har murna na yi, wai na zama mai gidan kaina. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa ba ya son dalma ta kwana a shagonsa ba.

Yakubu mai ɗaukar hoto ne daga Warra, ɗan masunta, sabon magidanci. Yana son kwamfutar da zai riƙa haɗa bidiyon bukukuwa a gida, ya daina kai wa wasu. Ya daɗe yana tanadi, kuma ya yi tambaya sosai kafin ya zo. Haruna ya turo shi wurina. Muka zauna a zaure ya zaɓi kayansa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shi dai kada a yi masa rowa a akwatin wuta, don wutarsu ba ta da tabbas, in ta zo ma da hauka take zuwa. Na ɗauko masa biyu, marar nauyi da mai dalma. Ya auna, ya auna, ya ce, "Wanga shi ne, Oga." Na ce ai kai ka san kaya.

A gabansa na haɗa ta. Na ɗora furosesa, na shafa masa man sanyaya, na danna ram har ya yi ƙas, na ɗaure wayoyi tsaf. Har fanka na ƙara masa kyauta. Ta kama, ya yi ta washe baki. Ya ba ni busasshen kifi da matarsa Ladi ta aiko, ya ce a kai wa Inna. Na karɓa. Muka ci a miya.

Ya ɗaure ta bayan babur zuwa Warra, kun kuwa san hanyar. Ga girgiza, ga zafin bazara, gam ya saki. Wata rana da azahar ya bar ta tana aikin wani bidiyo ya fita. Dalmar ta faɗo kan wayoyin ciki. Akwatin wuta na gaske da kansa yake yanke wuta in an samu haka, na jabu ba shi da wannan. Wuta ta kama labule ta hau rufi. Jaririyarsu tana barci a ɗakin. Ladi ta shiga ta fito da ita lafiya, amma hannunta na dama ya ƙone, yatsun sun naɗe har yau.

Da aka kashe wutar Yakubu ya fasa akwatin da ya ƙone don ya ga abin da ya ci shi. Ya tarar da dalma, wata ta narke, wata har da sauran ramin da igiyar birgi ke bi. Ɗan masunta ba a faɗa masa mene ne wannan. Washegari ya zo da 'yan sanda. A zaurena suka samu dalma, da gam, da kwalaye, da takardun liƙawa. Na ce da Haruna muke yi. Aka kira shi ya zo da babbar riga, ya ce shi kaya masu araha yake sayar mini a matsayin masu araha, abin da nake yi da su a gidana bai sani ba. A kotu ma haka ya faɗa, har da share ido, wai na ɓata sunan zuri'a. Aka bincika shagonsa, ba ko ƙwayar dalma.

Aka ɗaure ni. Ba zan ba ku labarin gidan yari da tsawo ba. Cunkoso, ƙaiƙayi, wake mai tsakuwa, da zama da tunani. Da fari Haruna kaɗai nake zagi. Inna ta zo sau ɗaya, ta tsufa a 'yan watanni. Na fara kawo mata maganar Haruna, ta ce, "Haruna ya riƙe maka hannu ka liƙa? Kai ka ci kifin ɗiyar mutane, ka ba ni na ci." Ta rasu ina ciki, ban ga gawarta ba. Matata ta koma gidansu a Shanga da yara, kuma ban ga laifinta ba.

Da na fito, Warra na fara zuwa. Yakubu ya koma jirgi, ya bar hoto. Na durƙusa na nemi gafara. Ya ce shi bai shirya ba, kuma kada in sake zuwa. Ladi tana tsaye da tulu a hannun hagu. Ta ce, "Tashi ka tafi, malam. Yarinyar tana nan da rai." Iyakar abin da na samu ke nan, ban kuma cancanci fiye da haka ba. Na tuba ga Allah, sauran yana hannunsu.

Yanzu gyaran fanka da caja nake yi a bakin kasuwa. Jifa-jifa wani ya kawo kaya in haɗa masa. Ina kwance akwatin wuta a gabansa ya leƙa ciki kafin in ɗaura. Ku samari, in za ku haɗa kwamfuta, kada ku tsuke hannu a akwatin wuta, kuma kada ku yarda da nauyi ko kwali. Ku sa a buɗe. In kuwa ku ne masu haɗawa, ranar da maigidanku ya ce wani aiki a gida za ku yi shi, kada a gani a shago, ku ajiye masa sukundirebansa ku tafi. Kada ku ce ai ɗan abu ne. Ni da magogin fensir na fara.

Kwanan baya Haruna ya tsaya da mota gaban teburina. Ya zama Alhaji, ya yi tumbi. Ya ce, "Ƙane, abin da ya wuce ya wuce." Wai ya samu aikin haɗa kwamfutoci masu yawa na wata makarantar kuɗi, ɗaki guda na yara, kuma babu mai hannuna. Zai kama mini ɗaki in yi aikin a can, ba a shago ba. Ya rage murya ya ce yanzu akwai gam mai ƙarfi, ba ya saki.

Ni kuwa ban rage tawa ba. Masu kifi da 'yan kabu-kabu duk suna ji. Na ce, "Yaya, ka rantse gaban alƙali, na yi zaman da ya kamata mu yi tare, uwata ta mutu ban binne ta ba. Wannan na bar ka da Allah. Amma ɗakin yara ka ce. Ranar da ka kai kayan nan, zan zo makarantar da ƙafata, in kwance su ɗaya bayan ɗaya a gaban iyayen yaran. Ni an riga an san ni ɓarawo ne, ba abin da ya rage mini da zan ji wa tsoro. Ɗauke motarka, ka tare mini masu ciniki."