Mutumin da Baffa Sahabi Ya Harbe

Wata Juma'a ce ta kakar da nake aji huɗu, muna jido dammunan gero daga amalanke zuwa rumbu, sai ga Baffa Sahabi, ƙanen mahaifinmu, ya shigo gida da jakar soja a kafaɗa. Ya dawo ne daga yaƙin wata ƙasa can bakin teku. Mata suka yi ta guɗa, aka yanka masa zakara, mu kuwa yara har faɗa muka yi a kan wanda zai goge masa takalmi.

Kullum da la'asar, idan mun gama ba awaki dusa, sai mu kewaye shi a gindin darbejiyar ƙofar gida. Labarin da muka fi so shi ne na wani mutum da suka tarar a gonar rogo, ya jefar da bindiga ya durƙusa yana roƙo da yarensu. Baffa yakan kwaikwayi muryarsa, mu yi ta dariya, sannan ya nuna yadda ya ɗana kunamar bindiga ya harbe shi. Har filin makarantarmu ta Tambuwal labarin ya kai, ya zama wasa da karan dawa, ana kirana ɗan gidan jarumi.

Wata rana kakanmu Malam ya sallami ɗalibansa da wuri, ya tsaya a bakin zaure ya ji labarin har ƙarshe. Ya ce, "Sahabi, hannu nai sama sa'ad da kah harbe shi?" Baffa ya ce, "Yaƙi na, Baba." Malam ya ce, "Wanda ya aje makami ya fita yaƙi. Wannan kisan kai na, kuma a gaban ɗiyana kaka fahari da shi." Ɗalibai suna tsaye, maƙwabta sun leƙo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, na kasa ɗaga kai in dubi kowa. Tun daga ranar Malam bai ƙara sa hannu a akushi ɗaya da shi ba. Kafin damina Baffa ya kwashe iyalinsa ya koma Kebbe yana noma. Babu alƙalin da ya taɓa kiransa har ya rasu.

Yanzu ni ma na yi furfura. Ina jin rediyo na maganar kotun duniya mai hukunta laifukan yaƙi, ina kuma ganin matan ƙauyukan Kebbe da 'yan bindiga suka koro, suna ba da labarin mazajensu da aka harbe a durƙushe. Idan na zauna da su kunya ce take kama ni, domin na san can nesa akwai matar mutumin da Baffa ya harbe, wadda ita ma take bin gidanmu haƙƙin jini. A da tsawar tsoho ɗaya takan isa gida ya shiga taitayinsa. Yau matan nan alƙali suke nema, kuma sun cancanci su same shi.