Ɗahiru, Wanda Yashin Warri Ya Hana Zuwa Gida

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ran Laraba, 9 ga Maris, 1977, waya ta iske ni a tashar Maigatari cewa ƙanena Injiniya Ɗahiru ya rasu a Warri bayan gajeren zazzaɓi, har an yi jana'iza.

Ɗahiru, mu da muka tashi a Ɗanzomo, inda ba kogi sai rijiya mai gaba da yawa, kai ne ka ƙare a kan hanyar jiragen ruwa. Na sha yi maka dariya a kan haka. Duk sanda na kai kaya Kudu da motata sai ka sauke ni, ka ba ni gadonka ka kwana a tabarma, sannan ka cika ni da bayani. Wai yashi ke toshe hanyar jirage, a yashe, ya dawo. Kai kuma kana auna gudun ruwa, ka sa alƙaluman a katuna ta hanyar huda su, ka aika Ikko kwamfuta ta karanta hujin, ta lissafa inda yashin zai kwanta. Huji ɗaya ya kuskure, a dawo maka da tulin katunan, ka sake daga farko. Na ce ai yasar rijiya ce kawai, irin wadda Baba yake yi. Ka ce ita ce, sai dai Baba yana ganin ƙarshen tasa.

Mahaifiyarmu Goggo ba ta nemi komai a wurinka ba sai ka zo ta gan ka. Kana aiko mata da atamfa da maganin ido, kai ne dai babu. Sallah ta zo ka ce sai lissafin ya daidaita. Wata Sallar ka ce damina ta sauya ruwan, a sake aunawa. Ni ke kai mata uzurinka, har na gaji, wallahi na gaji, na daina ƙawata shi.

Na je na faɗa mata rasuwarka. Sai ta ce, "To Ya'u, ya dai gama aikin?"

Na ce, "Bai gama ba, Goggo."

Allah Ya jiƙan ka, Ɗahiru, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka. Ina yi wa matarka Maijidda da 'ya'yanka ta'aziyya. Goggo kuwa, Allah Ya ba ta haƙuri, Ya haɗa ta da kai a Aljanna, tunda a nan bai yiwu ba.